Kuɗin Gona: Na Mai Ƙasa Ne, Ko Na Mai Fartanya?

A cikin shekara ta 1933 manoman Amurka suna cikin wahala ƙwarai. Auduga ta yi yawa, har kuɗinta bai kai rabin na 1929 ba. Sai gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa doka, ta ce za ta biya wanda ya yarda ya rage nomansa, domin kaya su ragu a kasuwa, kuɗinsu ya tashi. A daminar nan aka sa garma aka binne auduga wajen eka miliyan 10, ga ta kuwa ta riga ta yi girma. An ce har alfadarai suka riƙa turjewa, gama an hore su kada su taka shuka.

Wanda ya ji labarin nan ya kan tambaya, daidai ne a biya mutum domin ya ƙi noma? Mu dai ba wannan ne ya fi damunmu ba. Hutun gona ba zunubi ba ne, Attaura ma ta umarta a bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai. Amma ku lura, abin da ya tsiro a shekarar hutun, bawa da ɗan ƙodago da baƙo duk suna da rabo a ciki. Tambayarmu ke nan: sa'ad da gwamnati ta ce “manomi”, wa ta ke nufi?

Mu duba gunduma guda, watau Poinsett, a jihar Arkansas. Masu noman auduga da yawa a can ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Suna zaune a gonar mai ƙasa, su shuka, su yi noma, su tsince, da kaka a raba amfani biyu. To, gwamnati da mai ƙasa ta yi yarjejeniya, kuɗin kuma hannunsa ya ke zuwa, wai shi zai ba su nasu. Waɗansu suka bayar. Waɗansu suka ce tsohon bashi ya cinye. Waɗansu kuwa suka ga tun da shi ke an rage gona, an rage bukatar hannu, sai suka kori iyalai, daga baya suka sayi tarakta. In talaka zai kai ƙara fa, kwamitin gunduma zai kai wa, a kwamitin kuwa masu ƙasa ne ke da baki. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Mai ƙasa yana da tasa magana, ba mu raina ta ba. Zai ce gonar tasa ce, shi ke biyan haraji, shi banki ke bi bashi, in ya faɗi kuwa duk wanda ke ƙarƙashinsa ya faɗi. Gaskiya ne. Amma me gwamnati ta saya da kuɗin nan? Ai noman da ba za a yi ba ta saya. Mai ƙasa ya ba da eka, ekar tana nan, tana hutawa, baɗi zai same ta. Mai fartanya aikin shekara ya rasa, da abincin 'ya'yansa, wani har da ɗakin kwana. A ganinmu diyya ta wanda ya yi hasara ce, ko da sunansa ba ya cikin takardar gona. Mai ƙasan da ya riƙe duka, ko doka ba ta kama shi ba, hakkin maƙwabcinsa ya ci.

Talakawan Poinsett ba su yi shiru ba. Cikin watan Yuli 1934 mutum 18, farare 11 da baƙaƙe 7, suka taru a wata makaranta kusa da garin Tyronza, suka kafa jam'iyyar masu noman gonar wani. A kudancin Amurka na zamanin nan, zaman fari da baƙi a ɗaki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Aka yi ta dukansu, ana harbin gidajensu da dare. A ma'aikatar gona ta gwamnati waɗansu lauyoyi suka tsaya musu, suka ce yarjejeniya ta hana korar mai noma daga gonar da ya ke. Cikin watan Fabrairu 1935 aka sallame su daga aiki.