Wa Zai Fassara Mini Shari'ar Musa?

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39, Nehemiya 8:1-8

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu 2023, masu bi da yawa daga Hajj Yusuf da Omdurman sun warwatse, sun rabu da fastocinsu. Wani yakan buɗe Littafin Firistoci shi kaɗai, ya tarar a sura 11 an hana naman raƙumi amma an halatta fara. Sai zuciyarsa ta damu, ko kuwa ya fara hukunta ɗan'uwansa a kan abinci. Yaya ya kamata mu karanta dokokin da ba mu saba da su ba?

Dubi ma'ajin sarauniya Kandakatu. Ƙasarsu tana nan cikin Sudan ta yau, kangon birninsu Meroe yana kusa da Shandi, arewa da Khartum. Mutumin nan baba ne, Maimaitawar Shari'a 23:1 kuwa ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji. Duk da haka bai rufe Littafin ba. Yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, bai kuma ji kunyar faɗa wa Filibus yana bukatar mai koya masa ba. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ga shawara uku. Na ɗaya, karanta surar dukanta, ka tambayi kanka: wa aka ba dokar nan, don me? Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokoki 613 cikin Attaura, da yawa kuwa sun shafi firistoci da Haikali, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 70. Na biyu, ka auna ta da Sabon Alkawari. Markus 7:19 da Ayyukan Manzanni 15 sun warware zancen abinci, amma umarnin ƙaunar maƙwabci na Firistoci 19:18 Yesu da kansa ya tabbatar da shi. Na uku, kada ka ɗora wa kowa kaya kafin ka nemi dattijo ko fasto, ko da ta waya ce. Ko a zamanin Ezra, sai da Lawiyawa suka bi jama'a suna bayyana ma'anar karatun.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, Filibus ya soma daga Nassin da ke hannun mutumin, ya kai shi ga Yesu. Idan karatunka ya haifi girmankai ko tsoro, ka koma ka sake dubawa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu tawali'u mu yi tambaya, ka aiko mana da masu koyarwa na gaskiya duk inda muke. Cikin sunan Yesu, Amin.