Aron Jiki: Me Ake Bin Mai Gwada Sabon Magani?

Babu maganin asibiti da ya faɗo daga sama a shirye. Kowace ƙwaya da likita yake rubuta wa marar lafiya a yau, akwai mutumin da ya fara haɗiye ta tun ba wanda ya san abin da za ta yi masa. Yawancin irin waɗannan mutane ba a san sunayensu ba, sai dai lambarsu a cikin rahoto. To, ga tambaya: idan mutum ya ba da aron jikinsa domin a gane ko magani yana aiki, wane bashi ne ya hau kan waɗanda suka karɓi aron? Labarin wani maganin kumburin ƙoda da aka gwada daga 2014 zuwa 2019 zai taimaka wajen auna wannan tambaya.

Cutar da maganinta

Lufus cuta ce wadda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi jikin da aka sa ta tsaro. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa kyarkeci. Cikin mutum goma masu ita, wajen tara mata ne, yawancinsu kuwa a shekarun haihuwa. Takan taɓa fata da gaɓoɓi da jini, amma inda ta fi ɓarna shi ne ƙoda. Ƙananan matatan da ke tace jini sukan kumbura, sai furotin ya riƙa zurarewa cikin fitsari. Fitsari ya yi kumfa, ƙafafu da fuska su kumbura, jini ya hau. Idan abin ya ci gaba, ƙoda ta mutu, ba abin da ya rage sai wankin ƙoda ko dashe. Cutar ta fi tsanani a kan baƙar fata da mutanen Asiya da na Latin Amurka fiye da Turawa.

Shekaru da dama likitoci suna fama da ita da magungunan da aka aro daga wasu cututtuka. Akwai firednison, wanda yake kwantar da kumburi amma yana cin ƙashi, yana kawo ciwon sukari. Akwai saiklofosfamaid, maganin kansa, wanda yakan hana mace haihuwa. Akwai maikofenolet, da aka ƙirƙiro domin masu dashen ƙoda, wanda yake nakasa jariri a ciki. Duk da waɗannan, mutane da yawa ba sa warkewa sarai. Har zuwa watan Disamba na 2020, hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta taɓa amincewa da wani magani musamman domin kumburin ƙoda na lufus ba. Saboda haka neman sabon magani wajibi ne, ba kuwa yadda za a same shi sai an gwada a kan masu ciwon.

Yadda aka yi gwajin

Wani kamfanin Kanada mai suna Aurinia yana da magani da ake kira boklosforin, dangin saiklosforin da aka daɗe ana ba masu dashe. A gwajin da ake kira AURA, an ɗauki marasa lafiya 265 a ƙasashe 20. An raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ya sami ƙaramin awo na sabon maganin, kashi ɗaya babban awo, na uku kuwa ƙwayar fanko, watau ƙwaya mai kama da maganin amma babu kome a cikinta. Marar lafiya bai san abin da yake sha ba, likitansa ma bai sani ba, domin kada fata ko tsoro su karkata hukunci.

Mai karatu zai iya jin ƙyamar wannan ƙwayar fanko, ya ce yaudara ce. Amma a lura da abu biyu. An gaya wa kowa tun farko cewa ƙuri'a tana iya faɗa masa a kan fanko. Sa'an nan ba wanda aka bari hannu wofi, gama dukansu suna shan maikofenolet da firednison, watau maganin da aka saba. Sabuwar ƙwayar ƙari ce a kan wannan. Muddin likitoci ba su san ko ƙarin zai amfana ko zai cutar ba, ƙuri'a ba ta zalunci kowa ba.

Mutum goma sha uku

A watan Agusta na 2016 sakamakon farko ya fito da fuska biyu. Bayan mako 24, wajen kashi 33 cikin ɗari na masu ƙaramin awo ƙodarsu ta lafa sarai, masu fanko kuwa wajen kashi 19. Wannan labari ne mai daɗi. Amma mutum 13 sun mutu a cikin gwajin: 10 daga masu ƙaramin awo, 2 daga masu babban awo, 1 daga masu fanko. A ranar da aka sanar, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi warwas.

Shin maganin ne ya kashe su? Lissafin bai nuna haka kai tsaye ba. Da guba ce, da masu babban awo sun fi mutuwa, ga shi kuwa su biyu ne kawai. Likitocin da suka kula da mamatan sun ce ba su ga hannun maganin a ciki ba. Kamfanin kuma ya bayyana cewa mafi yawan mace-macen sun faru a wuraren da marasa lafiya ba sa samun cikakkiyar kulawar asibiti, galibi a ƙasashen Asiya masu ƙaramin ƙarfi. An ci gaba zuwa babban gwaji mai suna AURORA, da mutum 357 a ƙasashe 27. Bayan shekara guda, kashi 41 cikin ɗari na masu shan maganin sun sami sauƙi sarai, masu fanko kashi 23. Wannan karo mutum ɗaya ya mutu cikin masu maganin, biyar cikin masu fanko. A watan Janairu na 2021 Amurka ta amince da shi da sunan Lupkynis, Tarayyar Turai ta bi baya a 2022.

Ana iya cewa magana ta ƙare, maganin ya fita daga zargi. Amma bayanin da ya wanke maganin shi ne ya ɗora wa masu gwaji wata tambaya mai nauyi. Idan talauci da raunin asibiti ne suka ci mutanen nan, ai ba a ranar mutuwarsu aka gane asibitin yana da rauni ba. Duk wanda zai danne garkuwar jikin marar lafiya da magunguna uku a lokaci ɗaya ya san ciwon huhu ko wata cuta mai yaɗuwa za ta iya kama shi. Sai a tambaya: wa zai lura da zazzaɓinsa a ƙauye? Wa zai biya kuɗin motar da za ta kai shi gari da dare? Akwai gado da iskar numfashi suna jiransa?

Amsoshi biyu masu sauƙi

Amsa ta farko ita ce a hana gwada magani a ƙasashen matalauta ɗungum. Hausawa suna da dalilin jin daɗin wannan amsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara wajen 200. Yara 11 sun mutu, biyar cikin masu sabon maganin, shida cikin masu wanda aka saba. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma rufe ƙofa ma yana da nasa zalunci. Jikin ƴan Adam ba ya karɓar magani iri ɗaya. Wani babban gwaji na mutum 370 da aka buga sakamakonsa a 2009 ya kwatanta maikofenolet da saiklofosfamaid. A jimla sun yi kunnen doki, amma a cikin baƙar fata da mutanen Latin Amurka maikofenolet ya fi aiki. Da Turawa kaɗai aka gwada, da ba a gane wannan ba. Al'ummar da ba a gwada magani a cikinta, likitocinta za su riƙa yi mata magani da awon da aka auna a jikin wasu. Cutar da ta fi cin baƙar mace, bai kamata a nemi maganinta ba tare da ita ba.

Amsa ta biyu ita ce, tun da marar lafiya ya sa hannu a takarda, an gama. Labudda yarda ginshiƙi ce. Dokar Nuramba ta 1947, wadda aka tsara bayan shari'ar likitocin Nazi, da ita ta fara. Amma a dubi macen da ƙafafunta suka kumbura, kuɗin maikofenolet na wata guda ya fi ƙarfin gidansu. An ce mata in ta shiga gwaji za ta sami magani da awon jini da ganin ƙwararren likita kyauta. Za ta sa hannu, ko da takardar ta kai shafi ashirin, ko da an rubuta ta da harshen da ba ta karantawa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Yardarta ta gaskiya ce, ba wanda ya tilasta mata, amma yardar mai neman tsira ba ta sauke nauyi daga kan mai miƙa hannu. Ƙara masa nauyi take yi.

Bashin gayya

Manomin da ya kira gayya ba ƴan ƙwadago ya ɗauka ba. Waɗanda suka zo da fartanyarsu ba lada suke jira da yamma ba, amma kowa ya san abin da ke kan mai gona. Zai faɗa musu gaskiyar girman aikin. Zai ciyar da su, ya shayar da su, in wani ya sare ƙafa ya ɗauke shi zuwa magani. Ran da nasu aikin ya taso kuma, zai zo. Mai gonar da ya cika rumbu ya manta da waɗanda suka yi masa noma, ba alƙalin da zai ɗaure shi, amma gayyarsa ta gaba ba za ta taru ba.

Haka bashin mai gwada magani yake, kashi uku. Na fari gaskiya ce, da harshen da marar lafiya yake ji: cewa gwaji ne, cewa ana iya ba shi fanko, cewa yana iya fita ran da ya ga dama ba tare da an daina duba shi ba. Macen da za ta sha maikofenolet dole a bayyana mata cewa ba halin ɗaukar ciki muddin tana sha, a kuma ba ta lokaci ta yi shawara da wanda ta ga dama. Na biyu kulawa ce. Wanda ya zaɓi asibiti mai rauni domin a can marasa lafiya suke da yawa, kuɗin aiki kuma da sauƙi, wajibi ne ya toshe raunin kafin ya ba da ƙwaya ta farko. In ba zai iya ba, kada ya buɗe gwaji a wurin.

Na uku shi ne rabo, shi ne kuma aka fi mantawa. Sa'ad da Lupkynis ya shiga kasuwar Amurka a 2021, farashin fakiti mai ƙwaya 60 dala 3,950 ne, wanda a cikakken awo na kwana goma ne kacal. A Bangladesh, ɗaya daga ƙasashen da aka yi gwajin AURA, abin da matsakaicin mutum yake samu a shekarar duka bai kai dala 3,000 ba. Idan aka bar abin ga kasuwa kaɗai, sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, an gyara ta a 2000 domin a ce wanda ya shiga gwaji yana da hakkin samun abin da aka gano yana da amfani. Gyaran 2013 ya ƙara da cewa masu ba da kuɗi da masu bincike da gwamnatin ƙasar da aka yi gwajin su shirya wannan tun kafin a fara.

Kamfanoni suna da hujjarsu, bai kuma kamata a yi watsi da ita ba. Gwaji yana cin shekaru da dukiya, da yawa kuma sukan faɗi. Maganin rituksimab, wanda aka sa wa rai ƙwarai, an gwada shi a kan mutum 144 masu wannan ciwo, sakamakon da aka buga a 2012 bai nuna ya fi fanko ba. In babu riba ba mai sa kuɗinsa. Riba halal ce. Amma mutum ɗari biyu ko ɗari uku da suka ba da jikinsu ba su ne za su karya kamfani ba. Kuɗin ci gaba da ba su magani, da sassauta farashi ga ƙasarsu, cikin kuɗin gwajin ya kamata a lissafa shi tun farko, kamar yadda mai gayya yake auna hatsin fura kafin ya aika kira. An ga alamar hanyar a AURORA, inda mutum 216 suka ci gaba da gwajin har shekara biyu a kan ta farko. Sai dai lufus ba ta ƙarewa ran da gwaji ya ƙare.

Nauyin bai tsaya kan kamfani kaɗai ba. Gwamnatin da ta ba da izini ba tare da ta nemi alkawarin rabo a rubuce ba, da kwamitin ɗa'a da ya sa hatimi bai karanta ba, da likitan da ake biya bisa yawan mutanen da ya shigar, duk suna da kaso a cikin bashin.

Aikin bai tsaya ba. A 2025 an buga sakamakon gwajin wani magani, obinutuzumab, a kan mutum 271, shi ma ya nuna amfani. Za a yi ta zuwa da sababbi, za a kuma yi ta neman masu ba da aron jiki, har a ƙasashen da ba a saba zuwa ba. Duk wanda aka zo wa da takarda, shi ko ƴarsa, yana da ikon yin tambaya uku kafin ya sa hannu: me za a ba ni, wa zai kula da ni in ciwo ya tashi da dare, me zan sha ran da kuka tafi? Mai gwajin da ya riƙe amana zai zauna ya amsa su ɗaya bayan ɗaya.