Hanjin Jariri Tsakanin Ƙaddara da Sababi

Shimfiɗar cikin hanjin ɗan Adam tana sabuntuwa duk bayan kwana 3 zuwa 5. Wasu ƙwayoyin halitta na asali, da ke ɓoye a ƙananan ramuka na bangon hanji, su ke haifar da sababbi. A 2007 masu bincike a Holan, ƙarƙashin Hans Clevers, suka gano alamar da ake shaida su da ita.

A jikin bakwaini wannan gyara bai kankama ba, wannan na cikin dalilan da suka sa ciwon ruɓewar hanji ya fi kama shi. Nonon uwa, musamman dakashi, yana rage haɗarin.

A Madarunfa, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai gidajen da ake zubar da dakashi, a ɗura wa jinjiri rubutu ko jiƙo, in ya rasu a ce kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma malaman Musulunci ba su ɗauki tawakkali a matsayin barin sababi ba. Wanda ya ƙaddara cutar shi ya halicci ƙwayoyin da ke gyara hanji da nonon da ke ciyar da su, kuma Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara 2. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla, ko ruwa babu, har wata 6.