Makaɗin Situdiyo Yana da Kamasho a Baitin Mawaƙi?

A zamanin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, makaɗi ba ya ɓuya. Masu kalangu suna gefensa, 'yan amshi suna bayansa. In ya wasa mutum, tare suka wasa shi. In kuma zambo ne, kowa ya ga hannun da ya buga.

Yau aikin ya koma cikin ɗan ƙaramin ɗaki, irin waɗanda suka cika Titin Gidan Zoo a Kano: bango an manna masa soso, ga fiyano, ga kwamfuta, ga mutum ɗaya a zaune ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Mawaƙi zai zo da baitoci a waya, ya rera. Makaɗin ne zai laluɓo karin, ya ɗora ganga, ya tsayar da shi ya ce, "Maigida, sake wannan baitin, numfashinka ya yanke." Inda murya ta karkace ya miƙe ta da manhaja, inda amshi ya yi sanyi ya ninka shi har ya zauna a bakin yara.

To, idan kakar zaɓe ta zo, aka kawo masa waƙar da ta ci mutuncin abokin hamayya har da iyayensa fa? Amsar da aka saba ji ita ce, "Ni kiɗa kawai na yi, sana'a ce."

Saɓanin malamai kan kayan kiɗa daɗaɗɗe ne: mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta, Ibn Hazm na Andalus ya halatta. Amma ba wanda ya halatta giba da ƙazafi, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Zagin da aka faɗa da fatar baki a majalisa yake mutuwa. Wanda aka yi wa kiɗa mai daɗi kuwa, shi ke shiga Adaidaita Sahu da gidajen biki, ya shekara ana maimaita shi. Wanda ya ba shi wannan tsawon rai ba ɗan kallo ba ne.

Ko a Amurka haka aikin yake. Quincy Jones, da ya shirya wa Michael Jackson kundin Thriller a 1982, yana cikin masu tace waƙoƙi tara da suka shiga, kuma shi ya kawo Rod Temperton, marubucin waƙar da kundin ya ci sunanta.

Sai dai hujjar da ta ɗora wa makaɗi alhaki ita ce ta ba shi haƙƙi, kuma nan ne aka fi cutar sa. Sau da yawa sallamar yini ɗaya ake yi masa, waƙa ta yi tashe, mawaƙi ya karɓi kyautar mota da kuɗin YouTube, shi kuwa rabonsa ambaton suna a farkon waƙa. Fiƙihu ya bambance ijara da tarayya, ya kuma sharɗanta a fayyace lada tun wajen ƙulla yarjejeniya. Nijeriya ma ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, an sa mata hannu a 2023.

Makaɗi ya nemi a karanta masa baitoci kafin ya taɓa fiyano, ya ƙi wanda bai yarda da shi ba. Mawaƙi kuma ya rubuta masa rabonsa a takarda, gaban shaidu.