Tsatsar Ƙarfe da Tsatsar Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, abin da ya same mu makon jiya shi ya jawo wannan nasiha. Mun tashi kai wani ɗan'uwanmu makwancinsa, aka buɗe sito a ɗauko kayan haƙa kabari, sai ga diga da shebur duk tsatsa ta cinye su. Ana kafa shebur ɗin a ƙasa bakinsa ya ɓalle. Ga gawa an shirya, ga jama'a a tsaye, mu kuwa muna yawon aro. Wallahi mun ji kunya, kuma laifin namu ne gaba ɗaya: mun yi aiki da kayan cikin laka, muka jingine su ba wanki.

Ƙarfe ni'ima ce. Sura ta 57 a Alƙur'ani da sunansa aka kira ta, Suratul Hadid, kuma aya ta 25 ta ambaci ƙarfinsa da amfaninsa ga mutane. Da shi mahauci ke ci, da tela da wanzami da mai facin takalmi. Barin sa ya lalace almubazzaranci ne, in kuwa na jama'a ne ko na aro, to cin amana ne.

Mu tuna nan ba gida ba ne. A Arewa iskar hunturu kan busar da komai, amma a nan Legas damina doguwa ce, ga laima, ga iskar teku mai gishiri. Ruwa da iska ke haɗuwa su ci ƙarfe, gishiri kuma ya ƙara musu sauri.

In tsatsar sama-sama ce, a goge da toka ko yashi mai laushi ko burushin ƙarfe. In ta kama sosai, a jiƙa ƙarfen cikin ruwan lemun tsami ya kwana, a kankare da safe. Kada a bar shi kwanaki, don tsamin zai shiga cin ƙarfen kansa. Sai a ɗauraye, a busar nan take, a shafa mai. Diga da shebur baƙin mai ya ishe su, amma wuƙar nama sai man gyaɗa. A rataye kaya, kada a bar su kan siminti mai danshi. Mahautanmu kuma ku tuna, Annabi (SAW) ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba.

To, zuciya ma haka take tsatsa. Mu 'yan kasuwa mu duba Suratul Muɗaffifina. Ta fara da gargaɗi ga masu tauye mudu da sikeli, sannan a aya ta 14 ta nuna yadda mugun aiki ke lulluɓe zuciya kamar tsatsa. A hadisin Abu Huraira (RA) an bayyana cewa zunubi kan sa baƙin ɗigo a zuciya. In bawa ya tuba sai ta goge, in ya ƙara sai ɗigon ya yaɗu. Yau ɗan algus a buhu, gobe rantsuwar ƙarya ga mai saye, jibi a ji kiran salla a ce bari a sallami mutum ɗaya tukuna. Shebur ɗin nan ma ai ba rana ɗaya ya ruɓe ba. Mu yawaita istigfari da karatun Alƙur'ani, mu mayar da haƙƙin mutane tun muna da hali.

Gobe Asabar bayan La'asar za mu taru a harabar masallaci mu gyara kayan jana'iza. Matasa ku zo da burushi, mai hali ya taimaka da kuɗin sabon shebur. Da waɗannan kayan za a haƙa wa kowannenmu.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya wanke zukatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Amin.