Tabo a fata da tabo a suna



Ƴan'uwa, wata tambaya ta tsaya mini a rai tun wata Juma'a da salular wani baƙo ta ɓata a zawiyarmu bayan zikiri. Kafin kowa ya yi magana, idanu sun koma kan wani ɗan'uwa da aka sani da ɗauke-ɗauke a da, wanda ya tuba shekara 4 ke nan. Nawa idon ma yana ciki. An ga salular ƙarƙashin tabarma. Shi kuwa ya fi kwana goma bai zo wazifa ba. Shin mutumin da muka kalla shi ne wanda ya yi satar can baya, ko wani ne dabam?

A jami'a an karantar da mu cewa fatar sama ba ta zama. Ana haihuwar ƙwayoyinta daga ƙasa, suna hawa suna cika da wani sinadari mai tauri, keratin, har su mutu su kakkaɓe, cikin mako 4 ko kusa da haka. Farin da ke tashi idan ka sosa ƙwauri lokacin hunturu, su ne. Farcen hannu yana tsirowa kamar milimita 3 a wata, cikin wata 6 ya sake gaba ɗaya. Ke nan fatar hannun da ya yi ɗaukar ta canza kusan sau 50. Da na yi wannan lissafi na ji daɗi, na ce ashe babu abin da ya rage na wancan mutum.

Sai dai lissafin bai cika ba. Ƙarƙashin fatar sama akwai wata mai kauri, inda jijiyoyin jini da saiwar gashi da gurbin gumi suke. Rauni in ya kai can, jiki ba ya maido da irin ta farko, faci yake yi da zaren kolajin. Wurin ba ya fid da gashi, ba ya gumi, ƙarfinsa kuma ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata. Shi ya sa tsagar da wanzami ya yi wa kakata tana jaririya take nan a kumatunta har yau. Alƙur'ani ma, a Suratu Fussilat, ya ba da labarin fatu za su yi shaida a kan masu su, alhali sun saɓule sau ɗaruruwa. Don haka mai tuba shi ne dai mutumin, kuma shi ya sa malamai suka sa mayar da haƙƙin mutane cikin sharuɗɗan tuba. Da wani ne dabam, da bashin bai hau kansa ba.

Wani zai ce to ai hattara ba laifi ba ce, tunda wurin tabo ya fi rauni. Na yarda, ba zan ba shi ajiyar kuɗin Maulidi don in gwada shi ba. Amma tabo alama ce ta ciwo ya rufe, mu kuwa ranar nan mun ɗauke shi kamar gyambo mai ruwa. Raunin wurin nan kuma hujja ce a kanmu: inda ya fi saurin yagewa, nan ya kamata a fi kiyaye farce. Mu nan muka sosa.

Muƙaddaminmu ne ya je har gida ya taho da shi, ya zaunar da shi kusa da shi a da'ira. Ni har yanzu ban nemi gafararsa ba, don in na buɗe baki sai na faɗa masa abin da na zarge shi da shi, ban kuma san ko faɗin zai zama magani ko wata sosar ba. Na bar wa Malam tambayar, ya ce in same shi bayan wazifar asuba.