Ko Ya Dace Dattijo Mai Bi Ya Koma Zane?

Wata magana ta taso cikin wata ƙaramar ekklesiya kusa da Maraɗi, har dattawa suka zauna a kanta sau biyu. Mun ga ya kamata mu kawo ta nan, gama mun tabbata ba wurin nan kaɗai take ba.

Akwai wani ɗan'uwanmu kafinta, shekarunsa sun haura hamsin. Ya zauna a Gatawa cikin ƙasar Sabon Birni shekaru da yawa, yana ɗaya daga cikin 'yan tsirarun masu bi na wajen. Ya shiga firamare a 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe makarantu kyauta ga kowane yaro, tun a aji kuwa aka san shi da zane. Idan malami yana son hoton raƙumi ko taswira a bisa allo, shi a ke kira. Sa'anda ubansa ya rasu sai ya bar makaranta, ya kama zarto da guduma, ya yi aure, ya haifu. Wajen shekara arba'in fensirinsa bai yi wani aiki ba sai sa alama a jikin katako.

Kun san abin da ya sami ƙasar Gobir. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 cikin ƙauyukan Sabon Birni rana ɗaya. A Disamba na 2021 aka ƙone mota da matafiya a cikinta a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Ɗan'uwan nan yana cikinsu. Ya fito da matarsa da 'ya'yansa da akwatin kayan aikinsa, sauran duka ya bar su.

Wata rana da yamma autarsa, wadda aka goyo ta sa'anda suka gudo, ta tambaye shi, ta ce, "Baba, gidanmu na can yaya yake?" Ya buɗe baki zai kwatanta, maganar ta ƙi fita. Sai ya ɗauki gawayi daga murhu, ya yage takardar buhun siminti, ya zana mata zaure da rumbu biyu da bishiyar da ke bayan danga. Ya ce mana hannunsa ya yi ta rawa, zanen kuma ya fito a karkace, ko rabin abin da ya iya yana ɗan shekara goma bai kai ba. Duk da haka kashegari ya sāke. Yanzu kowace yamma, in ya rufe aiki, yana zaune a tabarma da fensir da ɗan littafin rubutu.

Daga nan surutu ya tashi. Matarsa ta ce, "Maigida, mutane suna cewa baƙin ciki ya taɓa maka kai." Wani dattijon ekklesiya ya ce wasan yara ne, bai dace da mai furfura ba. Wani kuma ya kawo magana mai nauyi, ya ce doka ta biyu ta hana yin siffar kowane abu, saboda haka zane ƙanen gunki ne.

Bari mu fara da mai nauyin. Mai karatu, ka buɗe Fitowa sura 20, ka karanta aya 4 da 5 tare, kada ka tsaya a ta huɗu. Abin da aka hana shi ne mutum ya yi siffa domin ya durƙusa mata, ya bauta mata. In ka ci gaba zuwa sura 25 za ka iske Allah da kansa ya umarci Musa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a bisa murfin akwatin alkawari, cikin sura 26 kuma a saƙa siffarsu a jikin labule. Allah ba ya hana abu da safe ya umarta da yamma. Labarin macijin tagulla ya fi bayyana mana iyakar. Cikin Littafin Ƙidaya sura 21 Musa ya ƙera shi bisa ga umarni, ya zama hanyar warkewa ga waɗanda macizai suka sara. Bayan shekaru ɗaruruwa Isra'ilawa suka shiga ƙona masa turare, sarki Hezekiya kuwa ya farfashe shi, Littafi ya yaba masa (2 Sarakuna 18). Macijin bai sāke ba, zuciyar masu dubansa ce ta sāke. Mun tambayi dattijon ko ya taɓa ganin kafintan yana durƙusa wa takardarsa. Ya yi dariya, ya ce a'a.

Ga mai cewa wasan yara ne, muna roƙonsa ya duba Fitowa sura 31. Can Allah ya kira Bezalel ɗan Uri na kabilar Yahuda da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin ya tsara fasali, ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, ya sassaƙa dutse da itace. Ya haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan. Mu kan yi tsammani cikar Ruhu ta masu wa'azi ce kaɗai, ga shi kuwa tun kafin a keɓe Haruna firist an ambaci ma'aikacin hannu da ita. Mu tuna kuma inda mutanen nan suka fito. Bayi ne a Masar, aikin da aka ɗora wa jama'arsu shi ne kwaɓa laka da neman tattaka domin tubali. Ko da a ce Bezalel ya iya wani abu tun yana can, bauta ba ta bar masa sarari ya yi wa Allahnsa aiki da shi ba. A jeji, bayan sun bar gidajensu, aka nemi hannunsa.

Mu Hausawa ma ba baƙin zane ba ne, sunansa ne muke sākewa. Malamin da ke fitar da aska takwas a jikin riga da alƙalami da tawada kafin maɗinki ya sa allura, zane yake yi, ba wanda ya ce masa yaro. Haka mai zayyanar allo, da matan da ke zanen ƙwarya, da maginin da ke yi wa zaure dagi, har wanzamin da ke tsagen Gobirawa a kumatu. Abin da ya sa muke raina fensir shi ne a makaranta muka san shi, muka bar shi tare da gajeren wando. A Ingila, Winston Churchill yana da shekara 40 sa'anda aka sauke shi daga muƙaminsa a 1915, cikin wannan baƙin ciki ya kama zane da fenti, ya bar hotuna fiye da 500. Ba mu kawo shi domin Bature ya fi kafinta daraja ba, sai domin wanda ya ce babban mutum ba ya zane ya sani an yi.

Amma akwai wani nassi da ya fi kusa da ɗan'uwanmu. Ezekiyel ɗan gudun hijira ne, an kwashe shi zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Cikin sura 4 Allah ya ce masa ya ɗauki tubali ya zana Urushalima a kai. Kada mu ɓoye gaskiya, wannan zane ba na ta'aziyya ba ne, alamar yaƙi ce da hukunci. Sai can ƙarshen littafin, daga sura 40, aka nuna masa haikali da awonsa kamu kamu, cikin sura 43 kuma aka ce ya nuna wa jama'a fasalinsa, ƙofofinsa da mafitansa, ya rubuta a idonsu. Mutanen da ba su da gida aka ba su fasalin gida su riƙe. Ishaya sura 49 ta ƙara da cewa Ubangiji da kansa ya zana Sihiyona a tafin hannunsa a lokacin da take cewa an manta da ita.

Wannan ya sa muka ga aikin kafintan ya wuce huce haushi. Alkalawa, babban birnin Gobir, yana nan ƙasar Sabon Birni, ya fāɗi a 1808. Muna jin labarin Bawa Jan Gwarzo, amma ba mu taɓa ganin zanen ƙofar fadarsa ko kasuwarsa ba, sai kufai. Kano kuwa, domin baƙo Heinrich Barth ya hau Dala a 1851 ya zana abin da ya gani, har yau ana iya duban yadda take. Yaran da aka haifa a gudun hijira, me za a nuna musu?

Ga abin da ya faru kuma wanda ba wanda ya shirya shi. Maƙwabtansa 'yan Gatawa, kusan dukansu Musulmi, suka ji labari, suka fara zuwa kallo. Ya san da yawa cikinsu suna ƙin hoton abu mai rai, amma ba su ƙin na gida da itace, saboda haka abin da yake nuna musu ba ya sa mutum ko dabba a ciki. Wannan daidai ne da koyarwar Bulus cikin Romawa sura 14, kada 'yancinmu ya zama abin tuntuɓe. Wata tsohuwa ta duba ta ce, "Ɗan nan, rijiyar ba nan take ba, matsar da ita gabas." Wani ya ce a sa masa rumbunsa. Wani magidanci ya daɗe yana duban layin unguwarsu ba kowa a ciki, ya ce haka suka baro ta, ya tashi ya fita. Shekarun da ya yi a Gatawa ba su taɓa shiga zaurensa haka ba.

Matarsa kuwa tana da nata gaskiya, ba za mu danne ta ba. Akwai makon da ya bar ƙofar wani ba a gama ba domin zane ya ɗauke masa hankali, gero kuma ya ƙare a gida. Bulus ya yi magana mai zafi cikin 1 Timoti sura 5 a kan wanda ba ya kula da iyalinsa. Mun faɗa masa, ya karɓa. Zarto da rana, fensir bayan la'asar. Mun kuma gargaɗe shi kada ya zauna cikin takarda yana duban baya har ya kāsa ganin 'ya'yan da ke gabansa, gama ƙwaƙwalwar gida ma tana iya zama macijin tagulla.

Kai mai karatu da ka wuce arba'in, wataƙila naka ba zane ba ne. Wataƙila ɗinki ne, ko saƙa, ko busa sarewa, abin da ka iya kana yaro, nauyin gida ya sa ka ajiye. Bawan nan na Matta sura 25 bai saci talantin ubangijinsa ba, bai kuwa ɓatar ba, tsoro ne ya sa ya binne shi. Tsoron da ke hana yawancinmu shi ne kada a yi mana dariya, da kada mu iske hannun ya mutu. Hannun zai yi nauyi da fari, kada ka yi mamaki. Ba ka bukatar kuɗi mai yawa: gawayi, da takardar buhu, da rabin sa'a kafin duhu. Fara da abin da ke gabanka, tulu ko turmi, ka dube shi sosai kafin ka ja layi, gama yawancin kuskuren mai zane daga ido yake, ba daga hannu ba.

A zama na biyu dattawan suka yarda a ba kafintan allon makarantar Lahadi. Wanda ya kawo maganar doka ta biyu bai sāke ra'ayinsa duka ba, ya ce shi dai kada a zana fuskar Ubangiji Yesu, aka kuwa yarda masa. Lahadin farko labarin Zakka ne. Ya zana ɓaure a bakin hanya da ɗan gajeren mutum a bisa reshe, yara suka yi ta ihu. Autarsa ta ɗaga hannu ta ce wa malama ta san bishiyar nan, ita ce ta bayan dangarsu a Gatawa.